Gyaran gidan Hajiya: kuɗin duk a cikin bango suka shige

Tunda muka gama gyaran gidanmu na cikin gari, ta wajen Dala, duk wanda ya shigo gaida Hajiya sai ya tsaya yana kallon tayil da silin, can kuma ya jawo ni gefe ya tambaye ni nawa aka kashe. In na faɗa sai kaga mutum ya ƙara waige-waige yana neman inda kuɗin suka shiga. To ba zai gani ba, don mafi yawansu suna cikin bango da ƙarƙashin daɓe da saman rufi. Tayil da fenti da POP ɗin da ake ta santi su ne ƙarshen aiki, kuma su ne masu sauƙin ciki.

Gidan irin na iyayenmu ne da kowa ya sani, ba a rana ɗaya aka gina shi ba. Zaure da ɗakunan gaba ginin ƙasa ne, tubali da azara, daga baya marigayi, Allah ya jiƙansa, ya ƙara ɗakunan bulo a ciki, sai kuma aka zo aka bi bangon ƙasar aka yaɓe shi da siminti saboda a lokacin shi ne wayewa. Nan matsalar take. Bangon ƙasa yana shan danshi ne ya fitar, shi ya sa magabata suke yaɓe da makuba ko katsi ko laso, amma in ka rufe shi da siminti ruwan da ya shiga ba shi da hanyar fita, sai ya zauna a ciki yana cin ƙasar a hankali, daga waje kana ganin filasta lafiya lau alhali bayanta ya zama gari. Ga kuma abin da ya sami kusan duk tsofaffin unguwanni: shekara da shekaru ana cika lungu, ana ɗaga kwata, maƙwabta na rushewa suna gini a kan ɓaraguzai, sai gidan da da can ake hawa a shige shi ya koma sai an gangara. In Agusta ta kama, ruwan lungu cikin tsakar gidanmu yake zuwa ya kwana.

Ni da yayana mun ɗauka gyaran fuska za a yi kawai, a ɗan yi filasta, a sa tayil, a canza kwanon da ya yi tsatsa, shikenan. Maginan farko da muka kira ko zama ba su yi ba, sun zagaya sun leƙa ɗakuna sun yanke kuɗi nan take, kuma kuɗin da daɗin ji wallahi. Sai wani dattijo da limamin masallacinmu ya yi mana hanyarsa, shi da ya zo bai ce komai a kan kuɗi ba, guduma ya ɗauka yana bin bango yana ƙwanƙwasawa da ƙotar yana saurare, inda ya ji fanko sai ya yi alama da gawayi. Ya sa yaronsa ya tona gindin bangon ɗakin Hajiya, ya damƙo ƙasar ya matse a hannu ya nuna min, ta haɗe kamar kwaɓin fulawa, kuma a cikin hunturu ne fa.

Yace, "Alhaji, in fenti kuke so akwai masu yi muku da araha, amma ni ba zan ɗora hannuna a kan wannan ba sai an sassare ƙasan an sake shi."

Nace, "Baba, ai kuɗinmu ba su kai nan ba."

Yace, "To a rage ado, a yi wannan tukuna."

Gaskiya a ranar ban ji daɗinsa ba. Amma na je na ga aikinsa, kuma ba sabo na nemi ya nuna min ba, don sabon gini kowa nasa kyau gare shi, cewa na yi ya kai ni gidan da ya gyara ya sha damina uku ko huɗu. Na duba ƙasan bango, na duba kusurwar taga inda tsaga ke fara fitowa, na tambayi mai gidan ko sun rabu lafiya. Wannan tambayar ta ƙarshe ita tafi muhimmanci a wurina.

Sai maganar ciniki, jinga ko yini. Kowanne da ciwonsa. Mai aikin yini ba ya sauri, sai goma ta wuce ana kwaɓa simintin farko, azahar a tafi sallah da cin abinci, la'asar na yi an fara wanke shebur. Mai jinga kuma gudu yake ya gama ya kama wani aikin, abin da ya kamata a bari ya kwana biyu sai ya ɗora masa bulo washegari. Mu abin da muka tsaya a kai shi ne jingar hannu kawai, kaya mu za mu saya, kuma ba jingar gida gaba ɗaya ba, gaɓa-gaɓa: sassara da kwashe ɓaraguzai kuɗinsa daban, ciko da daɓe daban, ɗaga linta da rufi daban, filasta daban. Ana gama kowacce a duba a biya sannan a shiga ta gaba. Muka rubuta a takarda, shi ya sa hannu na sa, kawunmu ya zama shaida, kuma a ciki muka rubuta cewa za a riƙe wani abu daga kuɗinsa har sai ruwan Agusta ya gwada aikin. Na zaci zai ji haushi, sai yace ai hakan ya fi masa kwanciyar hankali.

Amfanin raba kuɗin hannu da na kaya bai fito ba sai a watan Fabrairun 2024, muna tsakiyar aiki siminti ya haukace. Dama tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ke hawa, amma a wannan watan buhu ɗaya mai kilo 50 ya haura naira 10,000, har sai da ministan ayyuka David Umahi ya zauna da kamfanonin siminti aka ce an daidaita a kan 7,000 zuwa 8,000. Wanda ya ba da jinga har da kaya kafin lokacin, ɗayan biyu ne ya same shi: ko ɗan kwangila ya gudu ya kashe waya, ko ya zauna ya rage siminti a kwaɓi ya ƙara yashi ba tare da ya faɗa ba, kuma na biyun ya fi muni don ba ka sani sai bango ya fara zuba. Mu dai aljihunmu ne ya ji jiki, muka dakata na ɗan lokaci, muka fasa wasu abubuwa, amma babu rigima tsakaninmu da Baba.

Sayen kaya da kanka wahala ce, kar wani ya ruɗe ka. Rodi da fayif Ƙofar Ruwa, katako 'Yan Katako ta Na'ibawa, kayan wuta France Road, kuma kowane zuwa sai na ɗauki wanda zai yi aiki da kayan mun tafi tare, shi ya zaɓa ni na biya, don gobe kar yace kayan ne ba su da kyau. A nan na san rodi mai suna 12 ba kowanne ne ya cika milimita 12 ba, sai an auna. Bulo kuma Baba ba ya karɓa sai ya murza gefensa da babban yatsa ya kuma ɗaga ɗaya ya sake shi ƙasa, yana cewa shi a saninsa buhu ɗaya bai kamata ya haura bulo 30 mai inci 9 ba, wanda ya wuce haka da nisa yashi yake sayar maka. Yashin ma iri biyu ne, mai kaushi na kankare da gini, mai laushi na filasta, kuma in da laka a ciki filastar sai ta tsattsage.

Abubuwan da ba mu sa a lissafi ba kuma suna da yawa. Tifa ba ta shiga lungunmu, a bakin titi take juye yashi da tsakuwa da birji, daga nan sai baro, kowane sawu kuɗi, ɓaraguzan ma haka za a fitar da su. Sai an sanar da mai unguwa, sai an bi maƙwabta an ba su haƙuri saboda tare hanya da ƙura. Sai ruwa. Gini ruwa yake sha ba na wasa ba, kuma ba na kwaɓi kaɗai ba, duk kankaren da aka zuba sai an yi ta ba shi ruwa safe da yamma aƙalla mako guda, kuma sai ya yi kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa. Iskar hunturu da zafin bazarar Kano suna busar da shi tun bai kama ba. Masu jinga ba su son wannan aikin saboda babu abin nunawa a ciki, don haka ƙanena na ɗora wa, 'yan garuwan unguwa kuwa sun ci kasuwa da mu.

Ciko shi ne ya jawo komai. Da aka ɗaga tsakar gida da ɗakuna suka haura lungu, aka shimfiɗa leda kafin a zuba daɓe don danshi kar ya hau, sai ƙofofi suka gajarce, dogon mutum sai ya sunkuya. Dole a ɗaga linta. An ɗaga linta sai silin ya yi ƙasa, dole a ƙara layin bulo, an ƙara bulo dole a sauke rufi, da aka sauke rufi sai ga katakon gara ta cinye shi, kwano ne kawai yake rufa masa asiri. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan Baba ya faɗe shi tun ranar farko, mu ne dai muke ji kamar yana tsorata mu.

Mai wayarin da falamba kuma dole su shigo kafin filasta, in ba haka ba sabon bango za a dawo a sassare. Wayoyin gidan na zamanin ƙwan fitila da fanka da rediyo ne, yanzu ga firji, ga dutsen guga, ga hita, ga injin jan ruwa, ga sola. Aka zare su duka aka sa sabbi cikin fayif, waya mai lamba 1.5 ta fitilu, mai 2.5 ta soket, mai 4 ta abubuwa masu jan wuta. Tsofaffin fayif ɗin ƙarfe sun toshe da tsatsa, aka koma na roba. Sokawe kuma ya yi kusa da rijiya, masana lafiya na cewa a bar tazarar mita 15 zuwa 30, wanda a gidan cikin gari ina za ka samo shi, don haka rijiyar ta koma ta wanki da ban ruwan gini. Su masu sana'ar nan kowa ɗan uwansa yake ɗora wa laifi, mai tayil yace daɓe bai miƙe ba, birkila yace falamba ne ya fasa masa, shi ya sa na bar Baba a matsayin shugaba, duk wanda zai karɓi kuɗi sai yace aikinsa ya yi.

Hajiya dai ta ƙi tashi daga gidan, tace ita ba inda za ta. Haka aka yi ta ƙaura da ita ɗaki zuwa ɗaki, aka kafa tabarma aka raba tsakar gida saboda mata, leburori in za su wuce sai sun yi sallama sun jira. Kullum da safe kuma sai ta sa an dama musu koko an sayo ƙosai, ni ina lissafin kuɗi ita tana cewa ba a aiki a gidanta da yunwa. Ita ce ma ta matsa lallai leburori su riƙa karɓar kuɗinsu kowace yamma ko da jinga ce, tana kawo hadisin a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe. Na lura yaran da ake biya a kan lokaci ba sai an tsaya a kansu ba wajen kwaɓi.

Inda aka kusa samun saɓani shi ne bene. Yayana ya so tunda an sauke rufi a zuba dakin, wato rufin kankare, a ɗora ɗaki biyu a sama, har ya kawo wani da yace zai yi. Baba yace shi ba da shi ba, harsashin ɗakunan nan ba a yi shi don ɗaukar sama ba, babu fila ko ɗaya, in ana so sai a kira injiniya ya duba ya zana, a kai KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, a karɓi izini. Yaya ya ji zafi, yace tsoho ne ba ya son ci gaba. Ni dai na tuna masa benen nan mai hawa uku da ya rufta a Beirut Road a watan Agustan 2022 ana cikin gininsa, kowa a garin nan ya ji labari. Daga baya injiniyan da muka kira maganar Baba ya maimaita, sai dai shi da kuɗi ya faɗa.

Damina ta zo, ruwa bai ƙara kwana a tsakar gida ba, sai wuri ɗaya da ya yi yoyo a mahaɗar kwano da bangon maƙwabci. Na kira Baba ya zo da kafinta suka gyara, na cika masa ragowar kuɗinsa, sannan aka yi fentin ƙasan bangon da yace a jinkirta. Zaure ne kawai ba a taɓa ba har yanzu. Hajiya tace a bar mata shi da ƙasarsa da azararsa don yafi ko'ina sanyi a bazara, Baba kuma yace a ɓamɓare simintin da aka yaɓa masa a mayar da makuba, amma wannan ba hannunsa ba ne, aikin maginan ƙasa ne. Ya samo mana wani, ya zo ya gani, sai dai har yanzu ba mu daidaita a kan kuɗi ba, mun bar maganar sai bayan sallah.