Ajin da Na Tarar a Cikin Busasshen Kogi

Jirginmu ya yi kusan awa biyu a sama daga Adelaide, birnin da ke kudancin Ostireliya, zuwa garin Alice Springs, kuma tunda muka bar bakin teku ban ƙara ganin komai ta taga ba sai jar ƙasa, shimfiɗe kamar an shanya barkono. Da so samu ne, jirgin ƙasan nan Ghan zan bi, wanda ya ci sunan Musulmin da suka riƙa keta hamadar da raƙuma tun kafin a shimfiɗa dogo. Da na ga kuɗin tikitinsa na ce a kai kasuwa. Malamar nazare ce ni, guzurin kwas ɗin wata uku da ya kawo ni ƙasar bai kai nan ba.

Alice Springs na tsakiyar Ostireliya, kimanin kilomita 1,500 daga Adelaide. Masu ƙasar na asali, wato Aborijin, waɗanda a nan mutanen Arrernte ne, Mparntwe suke ce wa wurin. Farkon Agusta na sauka, tsakiyar hunturunsu, sanyin asuba har cikin ƙashi.

Washegari na isa cibiyar renon yaran da aka haɗa ni da ita, riƙe da littafina, ina jiran a nuna min jadawali da allo. Sai aka ce in shiga bas. Muka bi unguwannin Aborijin na gefen gari muna kwasar yara, amma ba yara kaɗai ba: uwa da goyonta, goggo, da wata tsohuwa mai sanda da kowa ke ce wa Nana. Har na yi murmushi, na ce ashe da Nana a nan ma. Bas bai koma cibiya ba. A bakin wani kogi ya tsaya, kogin da babu ɗigon ruwa a cikinsa, yashi ne zalla da dogayen bishiyoyin turare.

Nan ne ajin. Nana ta zauna dirshan, ta share yashin gabanta da tafin hannu har ya yi sumul, ta fara labari da Arrernte tana zane da yatsa. Ɗan lanƙwasasshen layi mutum ne a zaune, da'ira kuma wuta ce ko sansani. Ganye biyu ta tsinka ta kafa, suka zama ya da ƙanwa. In labari ya tashi daga wani wuri zuwa wani, sai ta shafe komai ta sake. Yara ba su yi sahu ba, wani na jikinta, wani na tona rami amma kunnensa na wurin. Ban ji ko kalma ɗaya ba sai biyun da aka koya min a mota, ampe yaro, kwatye ruwa, duk da haka na gane lokacin da ƙanwar ta ɓata. Da ta gama ne malamar cibiyar, Baturiya, ta matso ta ƙirga ganyayen nan da sawun tsuntsun da yaran suka gano, da Turanci. Tsohuwa ce gaba, mai takardar shaida na biye.

A nan na yi abin kunya. Wata yarinya 'yar shekara huɗu na tambaya sunanta, ta sunkuyar da kai, ni kuwa da sabon aji na ɗago haɓarta. Abokiyar aikin malamar, 'yar Arrernte, ta taɓa hannuna a hankali ta ce, "'Yar'uwa, tana jin ki. A wurinmu ba a zuba wa babba ido." Jikina ya yi sanyi. Wannan fa ita ce tarbiyyar da aka yi min a gidanmu, kwalejin horon malamai ce ta kankare min ita.

Haka na ga suna ɗaya, Kwementyaye, a kan yara biyu. Ashe in mutum ya rasu, sunansa kan kwanta na wani lokaci, masu irin sunan sai a kira su da wannan. Wanda ya tashi cikin su Abba da Ummi da Walid ba ya bukatar dogon bayani a kan sakaya suna. Da rana ma'aikaciyar jinya ta zo tana leƙa kunnuwansu ɗaya bayan ɗaya, domin ciwon kunne mai ruwa ya yi katutu a yaran yankin, kuma sau da yawa yaron da aka ɗauka mai taurin kai ne, ji ne ba ya yi.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne me zai hana Nana ta miƙa jikokinta ta koma gida ta huta. Amsar na can arewacin gari, a tsohuwar tashar tangaraho. Daga 1932 zuwa 1942 wurin gidan tsare yara ne da ake kira Bungalow, inda hukuma ke tara 'ya'yan Aborijin masu jinin Turawa bayan ta raba su da iyayensu. An ci gaba da irin wannan ɗauka a ƙasar har cikin shekarun 1970. Sai 1997 aka fitar da rahoton bincike a kai, sai 13 ga Fabrairu 2008 Firaminista Kevin Rudd ya nemi gafara a majalisa. Na tsaya a ɗakunan dutsen nan ina tuna yadda nake ce wa iyaye a bakin get, ku tafi kawai, zai daina kukan.

Ranar 4 ga Agusta ta same ni a can, ranar yaran Aborijin da SNAICC, ƙungiyar kare muradun yaransu, ke jagoranta tun 1988. An zaɓe ta ne saboda ita aka riƙa rubuta wa yaran da aka ɗauke, waɗanda ba a san ranar haihuwarsu ba. Aka gasa wutsiyar kangaru cikin toka, ni dai na tsaya a burodin da aka gasa a garwashi da shayi.

Ba zan ce komai ya daidaita ba. A 1973 aka fara koyarwa da harsuna biyu, na gida da Turanci, a wannan yanki, amma a 2008, shekarar neman gafarar, gwamnatin yankin ta ce awa huɗun farko na kowace rana da Turanci za a yi su. Makarantar Yipirinya ma da ke garin, dattawa ne suka kafa abarsu a 1978 da suka ga ta gwamnati ba ta karɓi 'ya'yansu ba. A Adelaide kuwa na shiga cibiyoyin da suka rataya tutar Aborijin da zanensu na ɗige-ɗige a bango, amma babu Nana ko ɗaya a ciki.

Ranar da zan tafi, Nana ta sa aka tambaye ni yadda muke cewa kwatye. Na ce ruwa. Ta juya kalmar a bakinta sau biyu, ta miƙa wa yarinyar nan da na ɗaga wa haɓa. Ban gaya mata cewa a makarantar da nake koyarwa, yaron da ya faɗi wannan kalma a aji sai an rubuta sunansa cikin masu banakula ba. Bas ya tashi, yarinyar ta manna goshi a gilashi, idonta na kan takalmina, tana ta cewa ruwa, ruwa.