Allon Rabbi Akiba da Babina na Uku

Ina shekara ta biyu a karatun digiri na biyu, fannin nazarin addinai, malamin da ke duba kundina ya dawo mini da babi na uku karo na huɗu. Jan biro ya cika gefen kowane shafi, can ƙasa ya rubuta: "A sake." Na koma ɗaki na cusa takardun ƙarƙashin katifa, na yi mako biyu ban waiwaye su ba.

Babin kuwa a kan malaman Yahudawa na farko ne, waɗanda aka tattara maganganunsu a Mishna wajen shekara ta 200 miladiyya ƙarƙashin Rabbi Yahuda HaNasi. Na daɗe ina kwafe kalamansu don cike shafi, ban taɓa tsayawa na saurare su ba sai a wannan zaman ɓacin ran.

A Pirke Abot, wani sashe na Mishna, akwai wata 'yar jimla ta wani malami, Ben He He, da harshen Aramiyanci, kalma uku kacal: lefum tsa'ara agra, wato gwargwadon wahala, gwargwadon lada. Da farko na ɗauka ita ce "bayan wuya sai daɗi" tamu. Ashe da bambanci. Tamu alkawarin daɗi take yi a gaba, tasa kuwa wahalar kanta ake ɗorawa a ma'auni, ko aikin ya yi kyau ko bai yi ba. Kenan zubi huɗun da malam ya soke ba su tafi a banza ba.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Rabbi Akiba. Ruwayarsu ta ce makiyayi ne, har ya kai shekara 40 bai yi karatu ba. Wata rana a bakin rijiya ya ga dutse ya yi rami, ya tambayi wanda ya fafe shi, aka ce ruwan da ke zuba a kansa kullum. Sai ya ce idan abu mai laushi ya huda mai tauri, to kalmomin Attaura, masu ƙarfi kamar ƙarfe, za su huda zuciyarsa ta tsoka. Ya tafi wurin malamin yara tare da ɗansa, shi ya riƙe gefen allo, ɗan ya riƙe ɗaya gefen, aka rubuta musu alef da bet, haruffan farko na Ibrananci. Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san nauyin da magidanci mai gemu zai haɗiye kafin ya durƙusa cikin ƙananan yara. Mutumin nan daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan malamansu. Ni kuwa jan biro ne kawai ya sa na ɓoye takarda.

Na kuma ga gaskiyarsu a wani wuri cikin Talmud, babban littafinsu na sharhin Mishna. Rabbi Yitshak ya ce wanda ya ce maka ya wahala bai samu ba, kada ka yarda. Wanda ya ce ya samu ba tare da wahala ba, kada ka yarda. Nan take aka ƙara da cewa wannan a ilimi ne, amma a kasuwanci sai da taimako daga sama. Ba su yaudari ɗan kasuwar da ya yi iya yinsa ya karye ba, hakan ya sa na amince da sauran maganar.

Daren nan na ɗaga katifa na zaro takardun, duk sun lanƙwashe. Na rubuta maganar Rabbi Tarfon a bangon fayil ɗin: ba a ɗora maka ka gama aikin ba, amma ba ka da ikon ajiye shi. Na yanke wa kaina shafi biyu kullum bayan asuba. Da na kai wa malam zubi na biyar, ya jujjuya shafukan ya ce, "Zauna, mu fara daga shafi na bakwai."