Lauyan Jamus ɗin da ya sa na daina sa hannu a tsaye

Shekara shida ina lauyan wani kamfani mai shigo da kayan lantarki, rannan kawai Alhaji ya kira ni ofis ya ce Barista daga wata mai zuwa kai ne manaja. Daɗi kamar ya kashe ni wallahi, a daren na hau intanet ina neman lauyoyin da suka zama shugabannin kamfani in ga ta ina suka bi, a nan na ci karo da Heinrich von Pierer.

Mutumin garin Erlangen ne a Jamus, haihuwar 1941, ya karanta lauya da tattalin arziki, ya shiga Siemens, babban kamfanin kayan lantarki na Jamus, a 1969 ta sashen shari'a kamar dai ni, daga nan aka tura shi ɓangaren tashoshin wutar lantarki, a hankali a hankali har ya zama shugaban kamfanin gaba ɗaya daga 1992 zuwa 2005. Na ce to ga uban gida na samu. Ashe ban kai ƙarshen labarin ba.

A Nuwamba 2006 masu bincike suka dira ofisoshin Siemens a Munik, aka tono cin hancin da ake bayarwa don samun kwangila a ƙasashe da yawa har da Najeriya a harkar sadarwa. Kafin 1999 ma dokar Jamus ba ta hana ba wa jami'an wata ƙasa toshiya ba, har cirewa ake daga haraji, da doka ta canza sai hali ya ƙi canzawa. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wasu manajojin ba a kan takardar biyan kuɗi suke sa hannu ba, a kan 'yar takardar nan mai manne suke yi, in bincike ya zo a ɓare ta shikenan. Von Pierer ya ce bai san da zancen ba, amma a Afrilu 2007 ya sauka daga shugabancin hukumar sa ido ta kamfanin, kujerar da ya koma bayan 2005, kamfanin ya biya tarar kusan dala biliyan 1.6 a 2008, shi kuma ya biya Siemens yuro miliyan 5 aka yi sulhu.

Wata na uku da kama aiki, ranar wata Alhamis ina tsaye da makullin mota a hannu zan fita, akanta ya miƙo min bauca wai kuɗin mai ba da shawara ne, ranka ya daɗe sa hannu kawai, kullum haka ake yi. Har na cire murfin biro. Sai na tuna da ina lauya shafi talatin nake karantawa saboda layi ɗaya, yanzu kujera ta sa ina jin karatu aikin yara ne. Na koma na zauna na ce wace shawara ya ba mu, ina rahoton? Akanta ya kama sosa ƙeya. Na ce a kira shi ya zo mu gaisa ranar Litinin.

Alhaji ya yi kwana biyu yana amsa min gaisuwa a daƙile. Mai shawarar dai har yau bai zo ba, baucar tana nan cikin durowata.