Ta ina harsashin ya shiga?

Kwanan baya ɗan ƙanena, wanda bai cika wata shida da sa kakin ɗan sanda ba, ya zo gaishe ni. Yana zaune yana kallon bidiyo a waya, 'yan sanda sun biyo wani yana gudu, sai na ji ya ce, "Baffa, da ni ne da tuni na sauke shi. In aka tambaya, kare kaina na yi." Yana faɗa yana dariya. Na dube shi, sai na ga kaina ina ɗan shekara 26, da irin wannan bakin.

Ni na taɓa sauke wani. Dare ne, muna sintiri, aka ce an fasa wani ɗakin ajiya. Muka tarar da mutum biyu, ɗaya ya tsaya, ɗaya ya arce. Na daka masa tsawa sau biyu, bai waiwayo ba. Na ga hannunsa ya nufi ƙugu. Ko dai haka na rubuta, domin yau shekara talatin da ɗoriya ina juya wannan daƙiƙar a raina, har na kasa raba abin da idona ya gani da abin da na sa a rahoto. Na ja kunama. Bai mutu ba, amma bai ƙara takawa da ƙafafunsa ba. Da aka caje shi, tocila ce a ƙugun.

Kada ku yi saurin yanke mini hukunci. Wata biyu kafin nan aka soke abokin aikina da wuƙa a wani lungu mai irin wannan duhun, kuma ni na ɗauko gawarsa. Wanda bai taɓa tsayawa a duhu yana jiran hannun mutum ya fito daga riga ba, ya rage murya. Kuma ba ni na aike shi sata ba. Haka nake faɗa wa kaina, wani daren ya yi mini aiki, wani daren in kwana ido biyu.

Mai bincike bai tambaye ni ko na ji tsoro ba. Ya buɗe rahoton likita ya ce, "Ta ina harsashin ya shiga?" Ta baya ya shiga. Ba a ɗaure ni ba, ƙarin girma dai aka daɗe ana tsallake ni, kuma na san rabon wani ya fi nawa muni.

Sai daga baya na zauna na karanta abin da ya kamata in sani tun kafin a miƙa mini bindiga. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a Habana a 1990 sun ce jami'i ba ya harbin mutum sai don kare rai daga mutuwa ko mummunan rauni, sai in duk wata hanya mai sauƙi ta gaza, kuma ya yi gargaɗi in hali ya yi. A Amurka, a 1974, ɗan sanda ya harbe wani yaro ɗan shekara 15, Edward Garner, yana haura shinge bayan fasa gida a Memfis, babu makami a jikinsa. A 1985 Kotun Ƙoli ta ce gudu kaɗai ba ya halatta kisa, sai in akwai dalilin ganin mai gudun barazana ne babba ga rai. Wani hukuncin da kotun ta yanke a 1989, a shari'ar wani mai suna Graham, ya ɗan sanyaya mini zuciya, don ya ce a auna da idon jami'i mai hankali da ke wurin a lokacin, ba da idon wanda ya zo bayan ƙura ta lafa ba. Amma "mai hankali" aka ce. Ba a ce wanda ya fito da haushin abokinsa a ƙirji ba.

Ku ma marasa kaki abin ya shafe ku. Wani manomi a Ingila, Tony Martin, ya harbe yaro ɗan shekara 16 da ya shiga gidansa sata a 1999. Cikin gidansa ne, amma kurkuku ya tafi.

Na yi niyyar ba yaron nan nasiha goma. Uku suka fito. In ka ga bayan mutum, sauke bindiga, gobe ma rana ce ta kamu. In ka rubuta rahoto, rubuta abin da ka gani, ban da abin da zai fisshe ka. Sannan, in wuƙa ta nufo ka, kada ka tsaya tuna shari'ar Amurka, harba, ba na son ɗaukar gawa ta biyu. Ya ce, "To Baffa, a duhu ya zan bambance?" Na ce ban sani ba, ni ma ai ban bambance ba.

Abin da ke ƙona mini rai da ku yaran yanzu, kun ga harbi dubu a waya, ba ku taɓa jin kukan wanda aka harba a kusa ba. Kuna mayar da bidiyo baya, ku tsayar, ku yanke hukunci kuna kishingiɗe. Ina cikin magana ma wayarsa ta yi ƙara, ya ce, "Minti ɗaya, Baffa," ya fita waje.