Wata bakwai muka bar shi a horo

Ni ne na fara lura cewa lissafin baikon matasa, wato kuɗin da suke bayarwa a coci, ba ya haɗuwa. Ina cikin dattawan ikilisiyarmu, duba littafin ma'aji kuma aikina ne. Wata uku a jere, abin da aka ƙirga ranar Lahadi daban, abin da ya shiga littafi daban. Ma'ajin kuwa yaro ne da na koyar tun yana makarantar Lahadi.

Tun daga nan na fara kuskure. Matiyu 18:15-17 ba ta ɓoye komai ba: ka je wurin ɗan'uwanka, kai da shi kaɗai, in bai ji ba ka tafi da mutum ɗaya ko biyu, sai ya ƙi sannan a kai gaban ikilisiya. Ni kuwa na tsallake na farkon. Na gaya wa dattawa biyu, wai don su taya ni addu'a, alhali kunyar haɗa ido da yaron nake ji. Kafin in isa wurinsa maganar ta riga ni.

Da muka zauna bai musa ba. Yana jujjuya makullin akwatin baikon a hannunsa, ya ce, "Baba, da kai kaɗai ka zo, da tuni na faɗa maka." Bashi ne ya sha kansa, ya ɗiba da niyyar mayarwa. Wannan ba hujja ba ce, shi ma bai ce hujja ce ba.

Majalisar dattawa ta sa shi a horo: ya sauka daga muƙami, ya dakata da cin jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Almasihu, ya mayar da kuɗin kaɗan-kaɗan. Har gobe ina ganin hukuncin daidai ne. Inda muka gaza shi ne ba mu tsai da ranar da za a sake duba maganar ba, ba mu kuma ɗora wa kowa nauyin leƙa shi ba. Aka yi addu'ar rufewa, kowa ya kama gabansa.

A wata na biyar ya gama biya, babu wanda ya ce masa uffan. Yakan shigo sujada a makare, ya sulale kafin a sa albarka. Ina ganinsa, ina ce wa kaina ai horo ke aiki.

Karatun 2 Korantiyawa 2 ne ya farkar da ni. Manzo Bulus da ya ce a fitar da mai zunubi a 1 Korantiyawa 5, shi ne kuma yake gaya wa ikilisiyar Korantiyawan cewa hukuncin da aka yi wa mai laifi ya isa, a yafe masa, a ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Na koma Galatiyawa 6:1, inda aka ce a maido da wanda ya faɗi cikin tawali'u. Kalmar Girkancin da aka fassara "maido da" a wurin ita ce Markus 1:19 ya yi amfani da ita ga Yakubu da Yohanna suna gyaran tarunsu. Mai gyaran taru kuwa a cinyarsa yake ɗora ta, yana bin zare ɗaya-ɗaya. Mu mun rataye tamu a yage, mun yi tafiyarmu.

Na same shi a gida. Kafin komai na roƙi gafararsa a kan yadda na yaɗa maganar. Ya daɗe bai amsa ba, sannan ya ce, "Baba, na zaci an cire sunana ne, ba a dai gaya mini ba." Daga ranar muka riƙa haɗuwa kowane mako, mu yi karatu da addu'a, wani lokacin hira ce kawai.

Na nace a majalisa cewa tunda a gaban jama'a aka sanar da horon, a gabansu za a sanar da ƙarewarsa. Wasu sun ce mun yi gaggawa. Bayan wata bakwai, ban san wace gaggawa suke nufi ba. Ranar jibin ni na miƙa masa ƙoƙon, hannuna ya fi nasa rawa.

Makullin dai ba mu mayar masa ba, shi da kansa ya ce kada a ba shi tukuna. Yanzu mutum biyu ke ƙirga baiko, su sa hannu tare, shi kuma yana koyar da ajin yara da na taɓa koyar da shi a ciki.