Wace manhaja ta dace da sabon shiga wasan neman ɓoyo a Legas?

Wasan neman ɓoyo da GPS, wanda aka fi sani da jiyokashin (geocaching), ya samo asali ne a farkon watan Mayu na shekarar 2000, lokacin da gwamnatin Amurka ta daina dagula siginar taurarin ɗan'adam da take sakar wa farar hula, sai na'urorin da a da kan yi kuskuren kusan mita 100 suka koma nuna wuri da kuskuren 'yan mitoci kaɗan. Ranar 3 ga watan, wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ɓoye bokiti a wani daji na jihar Oregon, ya wallafa lambobin wurin a intanet, ya ce duk wanda ya gano shi ya sa hannu a littafin da ke ciki, kuma idan ya ɗauki wani abu ya bar wani a madadinsa. A yau akwai irin waɗannan ma'ajiyoyi fiye da miliyan 3 a ƙasashe sama da 190, kuma mafi yawansu suna cikin rajistar shafin Geocaching.com, wanda kamfanin Groundspeak na birnin Seattle yake gudanarwa.

Duk ɗan'uwan da ya tambaye ni manhajar da zai sauke a wayarsa, ko a Agege ne ko a Idi-Araba, nakan ce masa ya dakata tukuna. Ya fara buɗe rajista a shafin, wadda kyauta ce, ya duba taswirar Legas da idonsa. Zai tarar cewa ma'ajiyoyin da ke Najeriya ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta da na Jamus ko Ingila, inda unguwa guda kan cika da su. Wannan ƙarancin shi ya kamata ya yi masa jagora wajen zaɓi, domin shawarwarin da ake samu a intanet galibi an rubuta su ne don mutanen da matsalarsu ita ce yadda za su tace ɗaruruwan ma'ajiyoyi, mu kuwa bukatarmu ita ce kada ɗan abin da muke da shi ya ɓace mana.

Manhajar kamfanin kanta, mai suna Geocaching, tana nan a Android da iPhone, kuma babu wadda ta kai ta sauƙin sarrafawa: mutum ya taɓa alama a taswira, ya karanta bayani, ya bi kibiya. Sai dai akwai iyakar da aka gindaya wa wanda bai biya kuɗi ba. Kowace ma'ajiya tana da maki biyu, ɗaya na wahalar ganowa, ɗaya na wahalar hanya, kowanne daga 1 zuwa 5, kuma manhajar kyauta ba ta buɗe wa mutum sai waɗanda makinsu bai wuce 2 ba. Haka nan adana jerin ma'ajiyoyi don amfani ba tare da data ba sai mai rajistar kuɗi. A Berlin wannan iyaka ba za ta dami sabon shiga ba, amma a garin da abin yake da ƙaranci, rufe wani kaso daga ciki babbar asara ce.

Saboda haka ga mai Android, kuma mafi yawanmu Android muke riƙewa, na fi karkata ga wata manhaja mai suna c:geo. Kyauta ce gaba ɗaya, masu sa-kai ne suke gina ta, kuma da rajistar nan ta kyauta mutum yake shiga. Tana nuna ma'ajiyoyin da shafin ya yarda mai rajistar kyauta ya gani, ba tare da la'akari da makinsu ba, in ban da waɗanda masu su suka keɓe wa masu biyan kuɗi kaɗai. Abin da ya fi jan hankalina gare ta shi ne mutum yana iya sauke taswirar OpenStreetMap ta Najeriya ya ajiye a wayarsa, ya adana bayanin kowace ma'ajiya, da ɗan hasken da mai ita ya bayar, da rahotannin waɗanda suka je kafin shi, duka tun yana gida. Mutane da yawa ba su san cewa GPS ba ya cin data ba. Wayar saurarar taurarin ɗan'adam kawai take yi, taswira da bayanai ne suke bukatar sabis. Wanda ya adana su, ko sabis ya ɗauke a bakin ruwan Epe ko Badagry, kibiyarsa ba za ta tsaya ba. Sai dai c:geo tana da nata aibin. Fuskarta cike take da maɓallai da kan rikita baƙo, kuma da yake daga shafin take karanto bayanai kai tsaye, idan aka sauya fasalin shafin wani sashe nata kan tsaya har sai an fitar da gyara. Mai iPhone ba shi da rabo a cikinta. Ko dai ya zauna da manhajar kamfanin, ko ya nemi wata manhajar mai suna Cachly.

Akwai abin da ya fi manhajar muhimmanci, wanda kuma ba kasafai ake ambatonsa ba, wato wayar kanta. Wayoyi masu arha da dama ba su da kamfas, wato ma'aunin da ke nuna arewa, a cikinsu. Irin wannan waya tana gane inda mutum ya dosa ne kawai muddin yana tafiya, da zarar ya tsaya sai kibiyar ta daskare ko ta riƙa juyawa, alhali kuwa a mitocin ƙarshe, inda ake tafiya a hankali ana leƙe-leƙe, nan ne aka fi bukatarta. Wanda zai sayi waya a Computer Village da ke Ikeja da wannan niyya, ya gwada manhajar kamfas a kanta kafin ya biya. Idan kuma tana da shi amma yana nuna karkace, akan daidaita shi ta hanyar kaɗa wayar a iska kamar mai zana lamba 8.

Ko da waya mai kyau, wurin da mutum ya tsaya yana da tasiri. A fili, kuskuren waya kan tsaya wajen mita 5. Amma mutum ya tsaya tsakanin dogayen benayen Marina ko Broad Street ya zuba wa allon ido: ɗigon da ke wakiltarsa zai riƙa tsalle, yanzu yana wannan gefen titi, an jima ya ƙetare, shi kuwa bai ɗaga ƙafa ba, saboda siginar tana bugun bango da gilashi kafin ta iso. Manhaja mai kyau takan nuna yawan kuskuren a mitoci a gefen allo, kuma ina ganin duk wadda ba ta nuna wannan lamba ba ta cancanci a dogara da ita ba. Idan tazarar da ta rage ta yi daidai da kuskuren, aikin waya ya ƙare, saura na ido da hankali.

Wanda zai shigar da lambobi da hannu ya lura da tsarinsu. Wasan yana amfani da ma'aunin WGS84, a rubuce da digiri da minti mai ɗigo, kuma Legas tana wajen digiri 6 arewa, digiri 3 gabas. Tsofaffin taswirorin safiyo na ƙasar nan kuwa a kan ma'aunin Minna aka zana su, kuma cakuɗa su biyun kan kai mutum nesa da inda yake nufi. Batir ma abin tanadi ne, domin GPS da hasken allo a tsakar rana suna shan caji sosai, ga shi ba kullum ake kwana da wuta ba, don haka fawa-banki da biro su zama cikin jaka.

Kafin mutum ya shiga danfo ya sha cunkoso daga Mile 12 zuwa Lekki, ya karanta rahotannin ƙarshe da manhajar ta nuna. Ma'ajiyar da aka yi shekaru ba wanda ya ce ya same ta, ko wadda masu zuwa suka jera rahoton ba su gani ba, mai yiwuwa ruwan sama ko masu shara sun tafi da ita. Ya kuma dubi inda take a taswira, domin a Legas mutumin da ke laluben ƙarƙashin benci kusa da banki ko bariki, waya a hannu, zai sha tambayoyin da bayanin wasa ba zai fitar da shi cikin sauƙi ba. Gara a je da rana, a je da aboki, a gaisa da mai gadi a faɗa masa abin da ake nema.

Rajistar kuɗi da dala ake lissafa ta, kuma ban ga dalilin da sabon shiga zai fara da ita ba. Haka ma na'urar GPS ta musamman irin Garmin eTrex, mai aiki da batir ɗin AA, wadda ake loda wa bayanai a fayil ɗin GPX. Tana da juriya, amma kuɗinta ya fi ƙarfin wanda bai tabbatar wasan zai zauna masa ba. Lokacin biyan kuɗi shi ne idan tafiya ta kama mutum zuwa ƙasar da ma'ajiyoyi suke da yawa, inda zai bukaci sauke ɗaruruwansu a tashi ɗaya kafin ya bar masauki.