Inci 100 ɗin da ya sa na fasa silin sau biyu

Har yau in na kwanta rigingine a kan doguwar kujerar falo, idona ba ya sauka ko'ina sai a kan facin nan na silin. Sau biyu ana shafa masa fenti, amma farinsa ya ƙi zuwa ɗaya da na sauran. Baƙo ba ya lura da shi. Ni kuwa na san faɗinsa, na san ranar da aka yi shi, na kuma san wanda ya jawo shi, tunda ni ne.

A watan Disamba na 2023 na sayi majigi, saboda gasar cin kofin nahiyar Afirka da za a fara a Kwaddebuwa ranar 13 ga Janairu. Na gaji da cinkoson gidan kallo da hayaƙin sigarin mutane. Da na kai shi gida na nuna wa Baba, ya jujjuya shi ya ce, "Au, majigin ne ya dawo?" Shi wanda ya sani mota ce ke kawo shi ƙofar fada bayan magariba, a kafa farin ƙyalle, gari ya taru a zauna a ƙasa. Na ce masa wannan a silin ake rataye shi. Ya ce to Allah ya sa kada ya faɗo wa wani a ka. Da ma iyakar abin da ya kamata in ji tsoro ke nan.

A cikin ɗan littafin da ya zo da na'urar akwai wata lamba, 1.47 zuwa 1.62. Duk mai majigi ya san ta, ita ce ke gaya maka nisan da za ka ajiye shi daga allo. Ka ninka faɗin hoton da kake so da wannan lamba, abin da ya ba ka shi ne nisan. Na karanta, na ce ai wannan lissafin 'yan firamare ne. Allona inci 100 ne, inci 100 kuwa santimita 254 ne. Na ɗauki 1.5 na ninka, ya ba ni 381. Na ja tef daga bango, na hau kujera na yi alama da fensir a mita 3.8.

Inci 100 ɗin da ake rubutawa a jikin allo ba faɗinsa ba ne. Awo ne daga kusurwa zuwa kusurwa, a karkace, kamar dai yadda ake auna talabijin. Allo mai tsarin 16:9 da aka ce inci 100 ne, faɗinsa santimita 221 ne, tsayinsa kuma kusan 125. Abin takaicin, na san haka game da talabijin tun ina yaro. Ranar ce kawai kaina bai kawo ba, kuma allon yana naɗe a cikin kwalinsa a jingine a bayan ƙofa, minti biyu ya isa in ware shi in sa masa tef. Ban yi ba.

Ƙanena ya ce, "Yaya, mu ɗora shi a kan tsani mu kunna mu gani mana kafin a taɓa silin." Na ce masa ba a wasa da lissafi, kuma mai POP ya riga ya ce gobe kaɗai yake da sarari kafin ya tafi wani aiki. Wannan maganar ta ƙanena ita ce take dawo mini kullum.

Shi aikin rataya majigi a gida irin namu ba ɗaura noti huɗu ba ne kawai. POP ba ya ɗaukar nauyi, filasta ce ba wani abu ba, in ka ɗaura ƙarfe a jikinta wata rana za ka tarar da shi a ƙasa. Sai da aka yanka rami, yaron mai aikin ya shiga cikin rufi, ya gicciya katako mai kauri a tsakanin katakan rufin ya buge shi da ƙusoshi. Mai wayarin ya jawo soket zuwa wurin, aka bi da wayar HDMI mai mita 10 ta cikin silin ta sauko bayan dikoda. Aka toshe, aka goge, aka yi fenti, ya yi kyau ƙwarai, kamar da shi aka gina gidan. Na biya kowa, har da ɗan na goro a kai.

Da daddare muka rataya allo, muka ɗaura majigi a kife, na shiga saiti na juya hoton ya daidaita. Sai ga shi ya cika allo ya tumbatsa, ya hau bango hagu da dama. Na ce ba komai, ai akwai zoben da ake rage girma da shi. Na murɗa shi har ya ƙure. Hoton ya ɗan tsuke, amma har yanzu akwai kamar santimita 7 a waje ta kowane gefe. Na sauko na ɗauki waya na raba 381 da 1.62, ya ba ni 235. A wannan nisan ke nan, mafi ƙanƙantar hoton da na'urar za ta iya bayarwa ya fi allona faɗi da santimita 14. A nan jikina ya yi sanyi. Na ware tef na auna allon, 221. Na ninka da lambobin nan biyu, ya nuna mini wurin da ya dace yana tsakanin mita 3.25 da 3.58. Na wuce iyaka da santimita 23 kacal, amma na wuce.

Ƙanena bai ce uffan ba. Da ya yi magana ma da ya fi mini sauƙi.

Ba wannan kaɗai ba. A saman hoton akwai wata inuwa baƙa mai kama da reshen bishiya. Fanka ce. Tana tsakiyar falo, tsakanin majigi da allo, kuma ƙarfen da na sayo na ratayawa gajere ne, ya manna na'urar da silin, idonta yana sama da fuka-fukan fankar. Lokacin hunturu ne, ba a kunna ta, shi ya sa ko kaɗan ba ta zo mini a rai ba sa'ad da nake alama da fensir. Na kunna ta don in gani, hoton ya riƙa ƙyaftawa kamar mai ciwon ido. Na tuna zafin Afrilu, na san ba mai zama a falon nan babu fanka.

Na yi ta maza na kusan mako biyu. Na ce ba zan sake fasa silin ba. Akwai hanyar rage hoto ta cikin saiti, na bi ta. Sannan tunda majigin ya yi sama da yawa, na sunkuyar da bakinsa ƙasa don hoton ya sauko kan allo, sai hoton ya zama ƙasansa ya fi samansa faɗi, kamar siket. Na danna maɓallin gyaran kusurwa, wanda ake kira kiston, har gefunan suka miƙe. A ido daga nesa ya zauna. Amma wannan gyaran ba ya taɓa hasken da ke fita daga na'urar. Abin da yake yi shi ne ya matse hoton a cikin ɗigo 1920 da 1080 ɗin da take da su, ya bar wasu ba aiki. Hasken nan yana nan yana faɗawa bango, sai ka ga wani toka-toka mai siffar siket ya kewaye allon, musamman in an nuno wuri mai duhu. Rubutun maki da ke saman kusurwa kuma ya ƙi fita tas. In na saita tsakiya ta yi kaifi, sama ta yi dishi-dishi, in na saita sama, ƙasa ta tafi. Dalili kuwa, idon majigin ba ya fuskantar allo kai tsaye, nisan sama da na ƙasa sun bambanta.

A haka muka kalli wasan Najeriya na farko da Ikwatoriyal Gini ranar 14 ga wata. Da ƙarfe 3 na rana aka take wasan, sai ga wata matsalar da ita ma gwajin tsani zai iya nuna mini tun farko. Majigi ba ya haska baƙi. Baƙin da kake gani a allo, farin allon ne da haske bai taɓa ba, don haka iyakar duhun ɗakin shi ne iyakar baƙin hoton. Tagata ta yamma ce, labulen kuma shara-shara. Ciyawar fili ta koma kamar an wanke ta da bilic. Lokacin da Osimhen ya farke ƙwallon, ihun maƙwabta ne ya tabbatar mana ta shiga. Bargo biyu muka rataya a tagar kafin a dawo daga hutun rabin lokaci, washegari na kai wa tela yadi mai kauri.

Uwargida ce ta kashe maganar. Ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana kallon allon, ta ce, "Abban yara, wai haka abin yake, ko namu ne ya zo a karkace?" Na ce haka yake. Ta ce to, ta juya. Da safe na kira mai POP.

Wannan karon ban bari kowa ya taɓa silin ba sai da na kwana biyu ina gwaji. Na aro dogon tsani mai ƙafa biyu, na ɗaure majigin a kife a jikin wani katako, muka riƙa matsar da shi gaba da baya. Na fara da allon, na saukar da shi har ƙasansa ya zama santimita 65 daga daɓe, yadda wanda ke zaune a kujera idonsa zai faɗa wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙasan hoton, ba sai ya ɗaga wuya ba. Na mayar da kiston sifili, na sa ma'aunin magina mai ruwa a kan na'urar don ta kwanta daidai, sannan na riƙa ɗaga ta ina saukewa har hoton ya zauna a allon da kansa. Irin wannan majigin ba ya harba hoto saitin idonsa. In yana kan tebur sama yake jefa shi, in an kife shi kuma ƙasa. Nawa ya zauna ne da idonsa yana kamar santimita 20 sama da bakin allon na sama, wato wajen mita 2.1 daga ƙasa. Silin ɗina mita 3 ne. Ashe sandar kusan santimita 90 nake bukata, ni kuma na je na sayo mai tsawon ɗan yatsa. Mai walda ya haɗa mini ita da bututun ƙarfe mai faɗin da waya za ta bi ta ciki. Da majigin ya sauko nan, hasken ya bi ta ƙarƙashin fanka, inuwa ta ɓace.

A kan tsanin nan na kama wani kuskuren da saura ƙiris in sake yi. Idon majigina ba a tsakiyar jikinsa yake ba, yana gefe ɗaya, in an kife shi kuma ya koma ɗaya gefen. Abin da ake saitawa da tsakiyar allo idon ne, ba ƙarfen ratayawa ba, kuma nisan ma daga gilashin idon ake auna shi, ba daga inda aka huda silin ba. Da na sake yin alama yadda na yi da farko, da rami na uku za a yanka. Na sa zare da ɗan dutse na sauko daga idon zuwa daɓe, na manna salatif a wurin, mita 3.4 daga allo, tsakiyar abin da na'urar ta yarda da shi, don zoben girma ya sami wurin motsi ta kowane ɓangare.

Mai POP ya zo, ya ɗaga kai ya dubi tsohon wurin, ya dubi sabuwar alamar. Ya ce, "Yallaɓai, wannan ɗan tsakanin ne za mu fasa wa silin?" Na ce shi ne. Santimita 40. Katakon da aka buga a ciki bai kai wurin ba, sai da aka sa wani. Aka matsar da soket, aka toshe tsohon ramin, aka sake fenti, falo ya kwana uku cikin farar ƙura, na sake biyan mutum uku kuɗin aikin da na riga na biya. Ita ƙurar ma sai da na naɗe majigin a leda na kai shi ɗaki, domin fankar cikinsa zuƙar iska take yi, ga kuma ta hunturu da ke shigowa ta ko'ina. Yanzu in ba a kallo, rigarsa ta yadi tana kansa.

Abu ɗaya da na yi daidai tun farko shi ne soket ɗinsa a layin inbata yake. Majigin mai ƙwai ne, yana jan wuta kusan wat 300, kuma in an kashe shi fankarsa tana ci gaba da juyawa na ɗan lokaci don ƙwan ya huce. In aka ɗauke wuta yana tsakiyar aiki, zafin nan a ciki yake zama, ƙwan kuma ba arha gare shi ba. Wannan kam na yi tunaninsa. Allon da ke bayan ƙofa ne ban iya aunawa ba.

An gama komai kwana biyu kafin wasanmu da Afirka ta Kudu, wanda muka tsallake da bugun fanareti. Ranar 11 ga Fabrairu, daren wasan ƙarshe da Kwaddebuwa, mutum goma sha huɗu na ƙirga a falon, har da Baba da ba ruwansa da ƙwallo, ya ce majigi ya zo gani. Ƙarfe 9 na dare, labule a sauke, kusurwa huɗu sun zauna cif a bakin allo, har zufar goshin 'yan wasa ana gani. Da Troost-Ekong ya sa kai ya ci, yara suka yi ta tsalle inuwarsu tana gilmawa a allon. Kessié ya farke. Da Haller ya ƙara ta biyu saura 'yan mintoci a tashi, falo ya yi tsit, kowa ya jingina da baya ya ɗaga kai sama. Can sai na ji muryar wani abokin ƙanena yana cewa, "Yaya, ruwa ne yake zuba a silin ɗin nan naku?"

Ƙanena ya ce masa, "A'a, lissafi ne."